Karatun Gida a Kabara: Da Wane Littafi Za a Fara?

Duk wanda ya ratsa lungunan Kabara bayan sallar asuba, ko tsakanin magariba da lisha, zai ji karatu yana fitowa daga soraye. Malam yana kan buzu, ɗalibi ya buɗe littafi yana jan baƙi, ana fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa. In ya kai iyakar abin da zai iya riƙewa sai ya rufe, na bayansa ya matso. Babu ƙararrawa, babu rajista, amma akwai manhaja, kuma kowa ya san jerinta. Daga Ƙawa'idi sai Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, kafin a kai ga Risala. A nahawu kuwa ba wanda zai ba ka Alfiyya alhali Ajurumiyya ba ta zauna maka ba.

Karatu ne ma ya kafa unguwar. Sunanta ya samo asali daga Malam Umaru Kabara, wanda ya taso daga Kabara ta bakin kogin Neja kusa da Tambutu, ya iso Kano wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya zauna daura da gidan sarki. Daga zuriyarsa aka sami Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. A irin waɗannan soraye ya yi karatunsa, musamman a gaban Malam Ibrahim Natsugune, har ya zo ya shugabanci makarantar shari'a ta Shahuci, ya jagoranci Ƙadiriyya, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Mutanen da suka gaji wannan tarihi ba sai an gaya musu cewa gida yana iya zama makaranta ba.

Sabon abu shi ne iyayen da suka fara ɗaukar karatun boko su ma su shigo da shi gida. Annobar korona ce ta fara nuna wa mutane da yawa hanyar: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, ba a buɗe su a Kano ba sai Oktoba, aka bar yara da darussan rediyo da abin da uwa ko yaya za su iya koya musu. Bayan an koma, dalilan ba su ƙare ba. Akwai wanda ajin ɗansa ya cika maƙil har malami ba ya iya duba rubutun kowa. Akwai wanda kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsa. Akwai yaron da sikila take kwantar da shi makonni a kowane zango. Sannan ga babban rukuni, wato yaran da aka cire daga boko shekara biyu ko uku domin su yi hadda, iyayensu kuma ba sa son lokacin komawa ya yi a tarar sun manta komai.

Wajibi ne a faɗi abu ɗaya tun da wuri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa kowane uba nauyin ganin ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. Jihar Kano ma tana da tata dokar ta ilimi kyauta kuma dole. A Amurka karatun gida halal ne a duk jihohi 50, Afirka ta Kudu ta sa shi cikin dokarta ta 1996, Jamus kuwa ta hana. A nan ba a shimfiɗa masa irin wannan tsari ba. Saboda haka ya fi wa iyaye lafiya su bar sunan yaro a rajistar wata makaranta, su yi magana da shugabanta a fili, yaro ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango. Ajiye yaro a gida ba tsari ba littafi kuwa, ana cewa ana koya masa, tauye masa haƙƙi ne.

To, an yanke shawara, sai sayen littafi. A nan ne yawancin iyaye suke fara tuntuɓe. Uba zai shiga kasuwar Sabon Gari da kuɗinsa, mai shago ya jibgo masa littattafai goma sha, kowanne da bango mai ƙyalli, ya dawo gida yana ganin ya gama. Wani kuma ta intanet zai sauko da manhajar Amurka dungurungum. Da yawa daga fitattun manhajojin karatun gida na can, irin su Abeka, makarantun Kirista ne suka tsara su domin 'ya'yansu, da aƙidarsu a cikin darasin karatu da na kimiyya. Ko an kau da kai daga wannan, littafin zai yi ta maganar dusar ƙanƙara da itatuwan da yaron Kano bai taɓa gani ba, yana awo da inci da fam, alhali jarrabawar da ke jiransa da mita da kilo take aiki. Malaman soro da za a nemi shawararsu, abin da suka saba za su faɗa: a ɗauki littafi ɗaya, a sauke shi, sannan a ɗauki na gaba.

Kafin littafi ma akwai batun harshe, kuma a kansa komai ya rataya. Yaron Kabara harshe uku ne a gabansa: Hausar da yake tunani da ita, Larabcin addininsa, da Turancin jarrabawa da aiki. Son zuciyar iyaye da yawa shi ne a fara da Turanci tun yaro yana shekara uku, don a ji yana rera baƙaƙe baƙi su yaba. Abin da aka gwada a aikace ya nuna akasin haka. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu fannoni ma sun fi su. Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. A baya-bayan nan an yi shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan a fara koya wa yaro karatu da Hausa.

Gwamnati dai ta yi ta kai-kawo. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022 aka ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Makaranta dole ta bi abin da aka ce. Uwar da ke koyar da ɗanta a tsakar gida kuwa tana da 'yancin da malamin aji ba shi da shi, kuma kuskure ne ta yar da shi.

Dalilin a bayyane yake. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, cikin 'yan watanni zai karanta jimla kuma ya fahimci abin da ya karanta, domin kalmomin nasa ne. Turanci yana da sautuka sama da 40 da yake cusawa cikin haruffa 26, harafi ɗaya yana sauya murya daga kalma zuwa kalma. Wanda aka fara masa da shi yana kokawa da abu biyu a lokaci guda, ga koyon karatu ga koyon harshe. Shi ya sa ake samun ɗan aji biyar yana karanta shafi guda da murya mai daɗi, a tambaye shi me aka ce ya yi shiru.

Littattafan Hausa na hawa-hawa suna nan, kakannin yaran ma da su suka koya. Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu an tsara su ne bi da bi, kamar yadda sunayensu suka nuna. Daga nan sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka rubuta a ƙarshen shekarun 1930 takanas domin 'yan makaranta, littafi uku, labari cikin labari. Wanda ya ƙara girma ya shiga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933. A ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, a kusa. Yadda za a yi amfani da su ya fi sayensu muhimmanci: yaro ya karanta a bayyane, ya rufe littafi ya maimaita labarin da bakinsa, a yi masa shifta ta layi biyar, a duba ko ya bambance k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ. A ƙarshen mako ya rubuta wa kakarsa ko kawunsa wasiƙa ta gaske, a kai, a kawo amsa. A nan ne za a ɗan ƙara a kan tsarin soro, domin soro ya ƙware wajen koyar da karanta littafi da fahimtarsa, amma bai cika sa yaro ya zauna ya tsara tunaninsa a rubuce ba.

Goggon da ke yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici da dare ita ma malama ce a wannan manhaja, ko da ba ta taɓa riƙe alli ba. Yaron da ya saba jin labari mai farko da tsakiya da ƙarshe ba ya shan wahalar insha'i.

Larabci yana da tasa matsalar da ba a cika lura da ita ba. Makarantar allo da ruwayar Warshu take karantarwa, da rubutun da fa'un yake da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Islamiyya da Hafsu take, da rubutun gabas. Yaro ɗan shekara biyar da aka haɗa masa allo da asuba, Islamiyya da yamma, boko da hantsi, rubutu uku yake fama da su. Gara a bar ɗaya ya zauna kafin a ɗora wani. Sannan a sani cewa Ajurumiyya, wadda Ibn Ajurrum na Fas ya rubuta shekara 700 da suka wuce, ƙa'idojin harshe take koyarwa ga wanda ya riga ya tara kalmomi. Ƙaramin yaro ya fi bukatar littafin hira da gajerun labarai, irin wanda 'yan Islamiyya suke kira Bari da Biba, ko Durusul Luga na Madina. 'Yan littattafai na kasuwar Kurmi sun san su duka.

Turanci kuwa a fara shi da kunne tun da wuri, da gaisuwa da sunayen abubuwa da gajerun umarni, a jinkirta karatunsa har sai na Hausa ya kama. In lokacin ya yi, a nemi littafin da ke koyar da sauti kafin sunan harafi, irin tsarin Jolly Phonics da aka horar da malaman firamare da yawa a kansa a Arewa. Brighter Grammar yana da amfani daga baya. Abin da ya fi nahawun tasiri shi ne yawan karanta labarai masu sauƙi, kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello an gina shi ne domin irin wannan.

Kimiyya ce take ba iyaye tsoro, kuma a nan ne karatun gida ya fi rauni. Wasu suna ɗaukarta baƙuwa, alhali ƙasar Hausa tana da nata rabo a ciki. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hatimin lissafi, wato gidajen lambobi da duk ta inda aka tara su jimla ɗaya suke bayarwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani. Manoma har gobe suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13. A zamanin boko ma, Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah daga 1949, suna bayanin halittu da Hausa mai daɗi. A 1977 Jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito.

Ƙashin bayan zaɓin littafin kimiyya dai shi ne manhajar hukumar NERDC, domin daga cikinta ake fitar da tambayoyin jarrabawa. An sake mata fasali a 2025, aka rage yawan darussa, don haka a duba shekarar bugu kafin a biya kuɗi, a kuma yi hattara da bugun jabu mai hotuna dishi-dishi. Littafi ɗaya na kimiyyar firamare ya isa, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane nagari: a buɗe kowane babi a ga ko yana sa yaro ya yi wani abu da hannunsa, ko kuwa ma'anoni ne kawai jere da za a haddace. Hadda tana da muhallinta, mutanen Kabara sun fi kowa sanin darajarta. Amma yaron da ya haddace ma'anar tururi bai taɓa riƙe murfin tukunya ya ga ruwa yana taruwa a jikinsa ba, bai fara kimiyya ba tukuna.

Kayan gwajin kuwa suna cikin gida. A jiƙa zoɓo a raba shi kofi uku. A matsa lemon tsami a ɗaya, jansa zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi yadda yake domin kwatance. Wannan shi ne darasin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu, wanda zai sake haɗuwa da shi a sakandare, kuma barin kofi na uku ya koya masa ƙa'idar da kowane gwaji yake tsaye a kanta. Randa ma darasi ce: me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ruwan batir da sodar sabulu kuwa a nisanta su daga yara.

Daga Kabara zuwa marinar Ƙofar Mata ba nisa. A can yaro zai ga an tsamo ƙyalle daga rijiyar baba da toka yana kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa shuɗi a kan idonsa, saboda iskar da muke shaƙa ce take aiki a kan rinin. A Majema zai ga abin da bagaruwa take yi wa fata.

Akwai gwajin da ya fi dacewa da gidan malamai. A kafa sanda a miƙe a tsakar gida, yaro ya riƙa auna inuwarta kullum in rana ta take tsaka, yana rubutawa. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana tana bi ta saman kai sosai, inuwar sandar ta kusan ɓacewa daf da ƙarfe sha biyu da rabi. Tsakanin ranakun nan biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran watanni kuma arewa. Yaron da ya bi wannan da hannunsa ya fahimci inuwar zawali da ake karanta masa a babin lokutan salla, ya kuma fahimci karkatar duniya da ke cikin littafin boko. In aka haɗa masa da duban wata, zai gano da kansa dalilin da shekarar Hijira take da kwana 354, azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Sharaɗin duk wannan shi ne littafin rubutu guda: kwanan wata, abin da aka yi, abin da aka gani, da abin da yaro yake zaton ya jawo shi. Ya rubuta da Hausa, a ba shi kalmar Turancin a gefe.

Gida yana da iyaka, kuma gaskiya ce da ya kamata iyaye su karɓa. Daga babbar sakandare, littattafan kimiyya na Ababio da Anyakoha da Ramalingam suna bukatar malamin da ya san fannin da ɗakin gwaje-gwaje na sosai. Hukumomin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, akwai kuma NBAIS ga masu Larabci da addini, amma a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu a takarda ake amsa tambayoyin gwaji. Yaro yana iya cinye ta bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba, sai ya shiga jami'a abin ya bayyana. Jami'a kuma tana neman kiredit biyar har da Turanci, da lissafi ga masu fannin kimiyya, ga JAMB a gaba. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke son likitanci ko injiniyanci, ya mayar da su makaranta kafin wannan mataki.

A yawancin gidaje uwa ce malamar, kuma wannan ma yana da asali. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru da jajis suna kai karatu gida-gida ga matan da ba za su iya fita ba. Gida uku ko huɗu a lungu ɗaya suna iya yin haka a yau: wadda ta yi kwalejin horon malamai ta ɗauki karatu da rubutu, ɗalibin jami'a na maƙwabta ya ɗauki kimiyya ranar Asabar, a haɗa kuɗin malamin lesin na lissafi. Yaran ma sun sami abokan karatu da na wasa.

Babban giɓin da ya rage ba iyaye ne za su cike shi ba. Mai neman littafin fiƙihu ko nahawu da fassarar Hausa zai same shi a Kurmi kafin ya gama zagaya layi ɗaya, amma mai neman littafin kimiyyar yara da Hausa zai sha yawo. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da ma'aikatar ilimi ta Jihar Kano, su ne ya kamata su haɗa kai su sabunta Ikon Allah, su fitar da jerin littattafan kimiyya na aji ɗaya zuwa shida da Hausa bisa manhajar da ake jarrabawa a kanta, su kuma sa su a kasuwa a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya.